Bayani a Kan Kalmomin da Ake Auna Ƙagaggen Labari da Su

Ga wata mas'ala da ta same ni a zaure kwanan baya, na ga ya kamata in shimfiɗa ta a gabanku.

Wani maƙwabcina mai sayar da atamfa da shadda ya shigo mini bayan la'asar, fuska a murtuke, riƙe da wani ɗan littafin boko da ya tsinta a ɗakin 'yarsa. Ya buɗe wani shafi da ya lanƙwashe gefensa, ya ce, "Allah gafarta Malam, dubi abin da wannan mata ta rubuta. Wai mace in ta tsufa a ɗaki ba ta da sauran amfani, sai a sallame ta a kawo yarinya. In ba lalata tarbiyya ba, mene ne wannan? Wuta zan sa masa." Na ce, "Alhaji, bar mini shi kwana biyu." Da na bi shi daga farko har ƙarshe sai na tarar maganar nan an sa ta ne a bakin wani azzalumin miji, kuma littafin bai ƙare ba sai da ya wulakanta mijin nan wulakanci mai tsanani. Ashe da Alhaji da mai littafin ra'ayinsu ɗaya ne. Ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Ba shi kaɗai ba ne. A shekarar 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano. Ban ce duk abin da aka ƙone abin kirki ne ba, gama kasuwar littafi kamar kowace kasuwa ce, akwai tsaba akwai tsakuwa. Amma mai sayen hatsi ba ya zuwa kasuwa ba mudu, kuma ba a yanke wa magana hukunci sai an san wanda ya faɗe ta da dalilin da ya sa ya faɗa. Masu nazarin adabi suna da waɗansu kalmomi da suka zama musu mudu da sikeli. Ba su da yawa, kuma wanda ya sha nahawu da balaga a zaure zai ga galibinsu tsofaffin sani ne da suka sake riga.

Mu fara da sunan abin. Adabin da aka rubuta sun kasa shi uku: waƙa, da wasan kwaikwayo, da zube, watau maganar da aka zuba ba tare da ma'aunin arula ko amsa-amo ba, abin da Larabawa ke ce wa nasaru. A cikin zube akwai wanda ya faru, kamar tarihi, akwai kuma ƙagagge, wanda mai shi ya ƙago daga kansa. A nan ne waɗansu 'yan'uwa suke tsayawa su ce ai ƙagaggen labari ƙarya ne da aka sa wa bango. To, ƙarya ita ce ka faɗi saɓanin abin da ya auku da nufin mai ji ya ɗauka gaskiya ne. Tsohuwar da ta tara jikokinta ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa ta zo mu ji ta, ta riga ta yi sanarwa cewa abin da zai biyo baya ba shaida ba ce a gaban alƙali. Ba yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman gonar Gizo. Wannan gardama kuwa ba yau aka fara ta ba. Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, watau 1122, da ya tsara Muƙamansa hamsin ya san za a zarge shi, saboda haka tun a gabatarwa ya kare kansa, ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sawa a bakin dabbobi domin faɗakarwa. Ga shi kuwa har yanzu ba a cika kiran mutum masanin lugga a ƙasar nan ba sai ya ratsa littafin nan.

Irin wannan rubutu da Hausar boko ya kafu ne a shekarar 1933, sa'ad da Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙashin kansu. Daga nan aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Da su zan riƙa ba da misali, domin da wuya a rasa ɗayansu a gidan da aka yi makaranta.

Kalma ta farko, wadda rashin saninta ya kusa jawo wa littafin 'yar Alhaji wuta, ita ce mai ba da labari. Mawallafi daban, mai ba da labari daban. Mawallafi shi ne mutumin da ya riƙe alƙalami, yana da gida da iyali. Mai ba da labari kuwa murya ce da ya ƙaga ya ɗora mata maganar. A Muƙama, Hariri ne mawallafi, amma Harisu ɗan Hammamu ne ke ruwaitowa, shi kuwa Abu Zaidi mutumin Saruja shi ne gwanin dabara da ake ba da labarinsa. Kafin Hariri, Badi'uz Zamani na Hamazan ya yi haka da Isa ɗan Hishamu da Abul Fatahi. Duk zambar da Abu Zaidi ya ƙulla a masallaci ko a gaban alƙali, ba wanda ya taɓa cewa a je a kama Hariri. Abubakar Imam ya faɗa da kansa cewa tafarkin Muƙama ya bi a Ruwan Bagaja, shi ya sa ka ga Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta haɗuwa gari gari, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Har sunansa ya ara wa Alhajin, amma duk da haka ba shi ba ne.

Mai ba da labari iri biyu ne a galibi. Akwai na cikin fage, wanda abin ya faru da shi, yana cewa na tafi, na gani, aka kama ni. Haka Shaihu Umar yake zaune a Rauta yana gaya wa almajiransa asalinsa, haka Ganɗoki yake gaya wa yara yaƙe-yaƙensa. Wannan yana da daɗin ji domin kamar hira ce, amma bai san abin da ke bayan katanga ba sai an gaya masa, kuma yana iya ƙara gishiri. Wa zai ɗauki kurin Ganɗoki a matsayin lissafin gawa? Akwai kuma na bayan fage, wanda ba ya cikin labarin, yana cewa ya tafi, ta ce, suka taru, yana shiga zuciyar kowa ya fito. Jiki Magayi haka yake.

Wani lokaci kuma labari kan zo a cikin labari, kamar ƙwarya a cikin masaki. A Alfu Laila, Shaharzadu tana ba da labari ne domin ta tsirar da wuyanta daga takobin sarki. A littafin farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, aku yana jero labarai ne domin ya tsare Musa ɗan Sarki a gida kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A Kalila wa Dimna kuwa, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci daga harshen Farisa, Dimna yana kawo misalai masu daɗi ne domin ya shiga tsakanin zaki da sa. Ka ga ke nan ba kowane labari mai kyan lafazi ne ya fito daga baki mai gaskiya ba, ko da a cikin littafin hikima. Mu da aka koya mana kada mu karɓi magana sai mun tambayi wa ya ruwaito ta, daga wa, bai kamata mu manta da wannan tarbiyya ba don kawai takardar ta boko ce. Abin mamaki ma, Larabawan zamani dogon ƙagaggen labari riwaya suke ce masa.

Sai jigo. Kowa ya san jigon lambu, sandar nan da guga ke rataye a kanta, wadda in ta karye ruwa ba ya hawa. A labari, jigo shi ne babban saƙon da aka gina kome a kansa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya tsara hanyar bin jigo a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, kuma ko da yake don waƙa ya yi, masu nazarin zube suna aiki da kalmominsa, kamar jigo a gajarce da warwarar jigo. Jigo a gajarce tamkar matani ne, warwara kuwa ita ce sharhi, inda za ka bi littafin kana kawo hujja daga abin da ya auku a ciki.

A nan almajirai suke yawan tuntuɓe. In ka tambayi yaro jigon Jiki Magayi sai ya fara ba ka labari, wai Abubakar yana son Zainabu, Malam Shehu ya ƙwace ta da dukiya. Wannan ba jigo ba ne, kayan da aka ɗora ne. Jigon shi ne ramuwar gayya da abin da take haifarwa: Abubakar ya sha wahalar duniya yana neman abin da zai lalata ɗan da aka haifa, yaron nan Kyauta ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. A ƙarƙashin wannan akwai ƙananan jigogi, kamar ƙarfin dukiya a sha'anin aure. Kuma ba a gane jigo daga shafi ɗaya, kamar yadda ba a gane hukuncin mas'ala daga rabin jumla a bar togaciyar da ke biye. Sai an dubi wanda littafin ya ɗaukaka da wanda ya kayar.

Kalma ta uku ita ce zubi, waɗansu su ce zubi da tsari, watau yadda aka jera al'amura aka ƙulla su. Fatake za su fi kowa gane wannan. In mutum ya lissafa maka zangon da ayari ya sauka tun daga Kano har Gwanja, jeri kurum ya ba ka. Amma in ya ce madugu ya sauya hanya saboda labarin 'yan fashi, sauyin hanyar ya sa guzuri ya ƙare, ƙarewar guzuri ta sa aka karyar da kaya a garin da ba su da daraja, to ya ba ka zubi, domin kowane abu shi ya haifi na bayansa. Dubi Shaihu Umar. Hassadar fadawa ta sa aka kori Makau mijin uwarsa, korar ta raba gidan, rabuwar ta ba da ƙofar sace yaron, satar ta kai shi hannun Balarabe Abdulkarim har ƙasar Masar, uwa kuma ta bi sawun ɗanta ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai tana gab da barin duniya. Zare ɗaya ne, in ka ja shi duk saƙar ta motsa. Ruwan Bagaja ba haka yake ba. Akwai dalilin fita, watau neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada, amma abin da ke tsakani zango zango ne, kana iya cire karo ɗaya na Alhaji da Zurƙe ba tare da ginin ya rushe ba. Wannan ba aibi ba ne, gadon Muƙama ne. Sai dai ni a ganina zubin Jiki Magayi ya fi na sauran huɗun ɗaurewa, ko da yake bai kai Ruwan Bagaja daɗin baki ba.

A cikin zubi akwai ƙulli, inda al'amari ya rikice mai karatu ya ƙagauta, akwai ƙololuwa inda rikicin ya kai matuƙa, sa'an nan warwara. Akwai kuma waiwaye, inda za a tsai da tafiya a koma baya a ɗauko abin da ya wuce. Shaihu Umar kusan dukansa waiwaye ne, tun da mun fara ganinsa yana babban malami kafin mu gan shi a goye. Inda ake gane gwani shi ne wajen warwara. Rago in ƙulli ya gagare shi sai ya jawo hatsarin mota ko gadon wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya yanke igiyar. Amma a yi hattara da saurin zargi. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo, na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, daga baya gobara ta cinye masa rumfa. Wani zai ce wutar daga sama aka jefo ta don a hukunta shi. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi wa mutane a 2016 ba zai ce haka ba. Abin dubawa shi ne, da wutar ta tashi, wa ya rage a gefensa, kuma halin wa ya jawo hakan.

Mutanen cikin labari kuwa taurari ake ce musu. Babban tauraro shi ne wanda labarin ke kewaya shi, sauran ƙanana ne. Kada kalmar ta ruɗe ku, tauraro ba lalle ne ya zama mutumin kirki ba. Abu Zaidi tauraro ne, Gizo ma tauraro ne. Wanda halinsa bai sauya ba daga farko har ƙarshe suna kiransa miƙaƙƙen tauraro, kamar Gizo, wanda ko an yi masa dukan kawo wuƙa yau, gobe da haɗamarsa zai tashi. Wanda kuwa duniya ta juya shi ya sake hali, shi ne mai gammo. Abu Zaidi ya yi muƙama arba'in da tara yana damfara, a ta hamsin ya tuba. Ana sanin tauraro ta aikinsa, da maganarsa, da abin da waɗansu ke faɗa a kansa, kuma in ukun suka saɓa, aikin ake bi. Marubucin da ya tsaya yana rantse maka cewa wance mai haƙuri ce, alhali ba ka ga inda aka taɓa ta ta haƙura ba, dillali ne mai yabon kaya a cikin buhu.

Wuri da lokaci ba sa bukatar dogon bayani. Shaihu Umar ba zai yiwu ba sai a zamanin da ake kai hari a kama bayi, ayari kuma na ratsa Sahara.

Na bar salo a ƙarshe domin nan ne gonarmu. Salo shi ne hanyar da mutum ya bi ya isar da maganarsa, abin da Larabawa ke ce wa uslubi: zaɓen kalma, tsawon jumla, karin magana, ban dariya, yadda yake sa Bamaguje ya yi magana daban da alƙali. Hariri saja'i ya riƙe da baƙin kalmomi, har sai da sharhi ake bin sa. Abubakar Imam kuwa Hausar zaure ya ɗauka ya goge ta. Babban reshen salo shi ne adon harshe, kuma wanda ya karanta Jauharul Maknuni na Ahalari ko Uƙudul Jumani na Suyuɗi zai ga ilmin bayani ne aka yi wa sunayen Hausa. Tashbihi shi ne kamance. In na ce attajirin unguwarmu kamar rijiya yake wajen kyauta, ga rukunai huɗu sun cika: wanda aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar kamar, da fuskar kamar. Mubalaga ita ce kambamar zulaƙe. In aka ce bashi ya kwana a ƙofar gidan wane yana jiran ya fito, an ba bashi ƙafa da haƙuri irin na mutum, wannan mutuntarwa ce a wurinsu, a wurinmu kuwa isti'ara makaniyya. In aka ce tukunyar gidan wane ba ta sauka daga murhu, kinaya ce, 'yar'uwar mai yawan toka da muka sani a darasi.

Akwai wuri guda da muka saɓa da su, kuma ina ganin namu ya fi tsefewa. In an ce attajirin nan rijiya ne, 'yan boko siffantawa suke kiransa, su haɗa shi da isti'ara a kwando ɗaya. Malaman balaga kuwa sun ce tun da an ambaci attajirin an kuma ambaci rijiyar, har yanzu tashbihi ne, sai dai baligi, an ɗebe masa kalmar kamar da fuskar kamar. Ba ya zama isti'ara sai an shafe ɗaya daga cikin biyun, kamar ranar da attajirin ya rasu a ce rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Duk mai kunne ya ji bambancin nauyin maganganun nan biyu. Na taɓa faɗa wa wani tsohon almajirina da ke karatun Hausa a jami'a wannan, ya ce zai kai wa malaminsu, na ce ya bari sai ya ci jarrabawa tukuna.

Da kwana biyun suka cika Alhaji ya dawo. Na nuna masa wanda ya yi maganar da ta ɓata masa rai, na buɗe masa shafin da mijin nan ya koma yana roƙon matar da ya kora. Ban ɓoye masa aibin littafin ba: warwararsa ta yi gaggawa, akwai tauraruwa guda da aka shigo da ita aka manta da ita a hanya, kuma akwai wurare biyu da na ga an wuce gona da iri wajen siffanta ado, waɗanda na ce da ni ne uban yarinyar da na zauna da ita a kansu. Ya yi shiru yana jujjuya littafin, can ya ce, "To Malam, ita matar ta koma gidan nasa kuwa?" Na ce, "Alhaji, saura shafi goma sha biyu daga inda na nuna maka." Ya sa shi a aljihun rigarsa, ya ce yau kasuwa ba ciniki, zai duba a rumfa.